Zobon Gonar Bakin Tafki

Mun tashi da asuba daga Magarya, ni da taubashina ɗan kawuna, ko shayi ban tsaya sha ba saboda raina a ɓace yake. Ku da kuka dame ni a waya kuna tambayar abin da ya sa na rufe shagon ɗinki na nufi Dungas ana tsakiyar aikin bukukuwan kaka, to ga labarin, kuma don Allah kada wanda ya sake tambayata.

Inna, mahaifiyata, ce ta tayar da mu. Likita ya auna ta ya ce tansiyo ne, wato jininta ya hau, ya hana ta gishiri da magi. Ita kuwa ta ce tunda abin haka ne, ta hana kanta abincin gaba ɗaya. Aka jera kwanaki daga kurɓin kunu sai ruwa, har zoben hannunta ya fara zamewa da kansa. Likita ya ce in ba ta koma cin abinci ba zai kwantar da ita ya sa mata ƙarin ruwa, kuma a shekarunta wannan ba abin wasa ba ne. Muka yi lallashi, muka yi faɗa, matata har da kuka. Abu ɗaya tak ta ce ranta yana so, zobon gonar bakin tafki.

Gonar ta kakanmu ce, a wani ƙauye gaba da Dungas ta wajen Mallawa, kuma yayar Inna ce ke noma ta, wadda muke kira Iya. Inda gizo ke saƙar shi ne, Inna da Iya sun yi shekaru ba sa ga maciji da juna. A bikin ƙanwata Iya ta zo da tulu guda na zobonta, abin da take ji da shi fiye da komai a duniya. Inna ta ɗanɗana a gaban mata, ta yamutsa fuska ta ce ya yi tsami, ta ɗebo sukari ta antaya a tulun. Iya ta koma gefe ta zauna. Ta jira aka shanye, ta wanke tulunta, ta ɗaura gyale ta nufi tasha. Tun daga ranar sai dai gaisuwa ta bakin 'yan kasuwa.

Kafin mu kama hanya na gwada dabara. Na sayo zobo mafi kyau a kasuwar Magarya, matata ta tafasa shi da citta da kanumfari, muka ce saƙo ne daga ƙauye. Inna ta kurɓa, ta tofar a kwano, ta ce wannan ruwan rini ne, in kai shago in rina zare. Na sake sayo wani a hannun wani mutum da ya rantse daga Mallawa ya ɗauko shi. Wannan ko tofarwa bai samu ba, shinshinawa kawai ta yi ta juya fuska bango. A ranar na ji tsoro ya kama ni sosai, domin Innar da na sani ba ta juya wa faɗa baya.

Taubashin nawa ban gayyace shi ba, shi ya gayyaci kansa. Ya yi shekaru yana aikin otel a Kwatano, bakin teku, ya dawo da takalmi mai tsinin baki da ɗabi'ar cewa “wala” ta Faransanci a ƙarshen kowace magana. Ya ce sha'anin ɗanɗano aikinsa ne, kuma ai gwaggonninsa ne su biyun. Ni kuwa na saka farar shaddata sabuwa dal, wadda na ɗinka wa kaina don Juma'a, domin in Iya ta gan ni ta san babban mutum aka aiko mata.

A tasha kamasho ya karɓi dala ɗari uku kowannenmu, ya rantse saura mutum ɗaya mota ta tashi. Mutumin nan ɗaya sai da rana ta fito sannan ya iso, kuma da ya iso ashe tunkiya ce da mai ita. Aka cusa tunkiyar ƙarƙashin kujerata. Hanyar wani wuri ta yi laushi har mutum ya fara gyangyaɗi, wani wuri kuma ta tuna maka da duk ƙasusuwan da Allah ya halitta maka. Amma ido ya sha kallo. An gama girbi, dammunan gero a jingine jikin rumbuna, mata na sussukar gyaɗa a bakin gonaki, shanun Fulani sun shiga karan dawa suna ta aiki. A iyakar kowace gona kuwa ga layin yakuwa ya yi jajur, don haka mutanenmu ke shuka ta, a gefe, ta raba gonarka da ta maƙwabci.

Ganin jan nan ne ya buɗe bakin ɗan Kwatano. Ya fara ba mota labarin yadda Nasara ke yi da jar giyarsu ta inabi, bayan ya rantse sau uku cewa shi zubawa kawai yake yi, ko ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba. Ya ce akwai wadda ake ji da ita a otel ɗinsu, daga gona ɗaya tak take fitowa, a kan wani tudu da ke kallon teku, ba a haɗa ta da inabin kowa. Wai iskar teku ce ke bugun 'ya'yan har fatarsu ta yi kauri, a matse su, a zuba a gangar itace, a rufe a ɗaki mai duhu a manta da ita shekaru. In an kawo, masani ba ya sha kai tsaye. Sai ya ɗaga kofi ya duba launi, ya juya shi, ya cusa hanci, ya kurɓa ya kurkure baki, sannan ya tofar a wani ɗan bokiti, ya fara ba da labarin abin da harshensa ya ji.

Wani dattijo mai tasbaha da ke kusa da direba ya waiwayo ya ce, “Yaro, su saya da tsada, kuma su tofar?”

“Girmamawa ce, Baba. Wala.”

“To Allah ya ƙara musu tofarwa,” in ji dattijon. Mota ta kwashe da dariya, har tunkiyar ƙarƙashina ta sa baki.

Mun samu Dungas ranar kasuwa, gari ya cika ya batse. Nan naira da sefa ke yawo hannu da hannu, mai ƙosai ma sai ta tambaye ka da wanne za ka biya. Muka ci ƙosai da yaji mai kuli-kuli, muka ɗora fura da nono mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Rake ya fara shigowa daga fadama, sanda guda dala ashirin. Na ga tulin zobo a layin masu kayan miya, raina ya raya mini in saya mu juya, sai na tuna fuskar Inna tana kallon bango. Muka nemi baburan kabu-kabu biyu, aka ɗura musu man esansi daga kwalba, muka faɗa cikin rairayi. Nawa direban yana gudu yana amsa waya, in muka zo rami sai ya ce mini “riƙe” bayan mun riga mun faɗa.

Iya muka tarar zaune a zaure kan tabarma, 'yar tsohuwa ƙarama, siririya, tafin hannunta ya rine ya yi baƙi-baƙi kamar mai lalle na dindindin. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta tambayi matata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi keken ɗinkina, ta tambayi kawu da ciwon ƙafarsa, har akuyar da muka sayar bara sai da ta tambaya. Ƙanwarta kaɗai ta tsallake. Na gyara zama na ce Inna ba ta da lafiya, ta daina cin abinci, kuma zobon gonar nan take so.

Ta ce, “Allah ya sawwaƙe. Sukari ya ƙare a Magarya ne?”

Na haɗiye abin da ya taso mini, don ni mutum ne mai saurin hawa. Na ce a taimaka mana ko tiya ɗaya ce. Ta dubi farar shaddata tun daga wuya har ƙasa, ta ce zobonta ba a ba wanda bai ɓare shi da hannunsa ba. Ta miƙe, muka bi ta.

Gonar ba ta da girma, mai ƙarfin hannu zai iya jefa dutse ya ƙetare ta. Tana kan gangare, ƙafarta na taɓa bakin tafki, inda ƙasa ta yi fari-fari da kanwa. Duk ƙauyen yakuwa a iyaka suke sa ta, Iya kaɗai ta ba ta gona sukutum, ba gero ba wake, abin da ya sa tun tana matashiya ake ce mata mai taurin kai. Irin ma ba ta karɓar na kowa, na uwarsu ne take ajiyewa shekara bayan shekara. Zobon ya fi wanda na saba gani kauri, launinsa ya wuce ja ya doshi baƙi. Ta ce iskar da ke tasowa daga ruwa da yamma ce ke hana shi saurin bushewa a kan kara, sai ya daɗe yana tara ƙarfi. Ɗan Kwatano ya dafa ƙirji ya ce, “Ka ji ko? Teku ke nan!” Na dubi tafkin da jakuna biyu ke shan ruwa a ciki, na ce masa lalle, saura jiragen ruwa.

Daga nan muka zauna ɓara. Wanda bai taɓa yi ba ya ɗauka wasa ne. Za ka tsaga jan ɓawon ka zare ƙwallon da ke ciki ba tare da ka farfasa shi ba, ƙwallon kuwa yana da wani gashi-gashi mai shiga fata, ƙaiƙayinsa har cikin rai. Ƙwallon ba a yar da shi, a ciki iri yake, ragowar kuma a yi daddawar batso. Na jefar da guda ɗaya cikin ciyawa, sai da Iya ta sa na tashi na nemo shi. Wanda aka ɓare ba ya ganin rana, ba ya taɓa ƙasa, a kan tabarma ake baza shi cikin inuwar rumfa ya bushe a hankali. Kuma ba ta tafasa shi. Ta ce tafasa zobo zalunci ne. A tsohon tulunta take jiƙa shi da ruwan sanyi na rijiyar bakin tafki, ta rufe da faifai ya kwana, ba citta, ba kanumfari, ba komai. Kafin la'asar hannayena sun yi ja sun kumbura, ina susa ina tsine wa ranar da aka ƙirƙiro sukari.

Da muka koma gida ta ga mun wahala yadda take so, sai ta ɗauko tulun jiƙon jiya ta tsiyaya mana a ƙoƙo. Na kurɓa. Jama'a, na sha zobo a rayuwata, amma ranar na san Inna ba rigima take yi ba. Ina cikin wannan sai na ga taubashina ya miƙe tsaye. Ya ɗaga ƙoƙon wajen haske, ya juya shi a hankali, ya cusa hanci ya lumshe ido. Nan take na gane inda aka dosa. Na miƙa hannu in ja rigarsa, amma ina! Ya kurɓa, ya kurkure baki da ƙara har kaji suka ɗago kai, ya juya gefe ya tofar da shi a tsakar gidan Iya.

Iya ta dubi jan tabon da ke ƙasa, ta dube shi, ta miƙa hannu ta jawo muciya.

“Uwar wancan ta zuba masa sukari, kai kuma ka tofar. Aiko ku aka yi ku ƙarasa ni?”

Na ga tafiyarmu ta tashi a banza, na ga Inna kwance da allura a hannu, kuma wallahi da muciyar a hannuna take da ni zan fara sauke masa. Shi kuwa gogan ya durƙusa, ya ɗaga hannu biyu, ko “wala” ɗin ta gudu.

“Gwaggo, ki tsaya in faɗi abin da na ji, sannan ki buga. Da farko tsami ne ya kama gefen harshena, mai ƙarfi, amma bai yi cizo ba. Da ya lafa sai wani zaƙi-zaƙi ya biyo, irin na busasshiyar magarya. Sai ƙamshin tulu, kamar ƙasa ranar ruwan fari. Ya kuma kama dasashina ya riƙe, bai saki ba har yanzu. Can ƙarshe, bayan na tofar, sai ga ɗan gishiri-gishiri a maƙogwaro, kamar kanwa ta leƙo ta koma.”

Muciyar ta ɗan sauko. Iya ta ce, “Wa ya gaya maka zancen kanwar?”

“Ba kowa, Gwaggo. In an haɗiye da sauri ba a jin ta.”

Ta ce shekara da shekaru tana ba mutane zobon nan, daga mai cewa “ya yi daɗi” sai mai cewa “ƙaro”, mutum ɗaya ne kawai ya taɓa ambaton kanwar nan, ita ce uwata, tun suna 'yan mata. Duk da haka sai da ta ɗan sauke masa muciyar a kafaɗa, ta ce wannan na tofarwa ne, kuma ya ɗebo ƙasa ya rufe wurin. Sannan ta juyo gare ni ta ce ai ta san mu, ba yadda za a yi mu taho nan ba mu fara gwada na kasuwa ba. Na ce mun gwada har sau biyu. Ta ce to me ta ce? Na ce na farko ta kira shi ruwan rini, na biyu ko kurɓa ba ta yi ba. Iya ta kai bayan hannu ta goge ido, ta ce ƙaiƙayin ƙwallon nan ne, ya shiga ko'ina.

Na ɗauka za ta auna mana tiya ne mu tafi. Sai ta ce zobonta ba ya tafiya shi kaɗai, don matan birni za su tafasa shi, kuma ruwan famfo zai kashe shi. Washegari da hantsi kabu-kabu uku suka tsaya a ƙofar gida. Na gaba Iya da ƙullin kayanta, na tsakiya ɗan Kwatano rungume da jarkar ruwan rijiya, na baya ni da tulu cike da sabon jiƙo, an ɗaure bakinsa da faifai da tsumma. Direbana na jiya ne, mai “riƙe”. Kowane rami sai tulun ya yi mini amai a ƙirji. Kafin mu shiga Dungas farar shaddata ta koma abin da ba na son tunawa. Mata a tasha suka dinga salati suna yi mini sannu, wani ya kawo mini kujera, wani jandarma ya taho da sauri yana tambayar inda aka yi hatsarin da ko akwai sauran masu rai. Iya kuwa ko a jikinta. Ta shige kasuwa ita kaɗai, ta dawo tana ƙulle wani abu a haɓar zane, na tambaya ta ce ba ruwana.

Mun iso Magarya bayan azahar. Iya ta shiga ɗakin Inna da sallama ciki-ciki, ta tsaya a kanta. Inna ta juyo daga bango, ta ga ko wace ce, ta yi ƙoƙarin tashi zaune ta kasa. Na ga fuskar Iya ta canja, amma muryarta ba ta canja ba.

“Dubi yadda kika koma, Auta. Ba a shan zobona da cikin wofi, sai ya yanke hanji. A kawo tuwo.”

Matata ta ruga ta kawo tuwon gero da miyar kuka marar gishiri, irin wanda aka yi kwanaki ana mayarwa madafa. Inna ta dubi tuwon, ta dubi tulun, ta dubi yayarta. Ta sa hannu. Tana ci tana ƙorafin miyar ba ta da rai, Iya na cewa ci dai, har ta tashi da rabin malmala. Sannan Iya ta tsiyaya mata a ƙoƙo. Inna ta kurɓa ta riƙe a baki, ta haɗiye a hankali, hawaye na bin kuncinta. Sai Iya ta kwance haɓar zanenta, ta fito da ɗan ƙullin sukarin da ta sayo a Dungas, ta ajiye shi a gefen ƙoƙon ba tare da ta kalli kowa ba. Inna ta dube shi, ta sa yatsa ta tura mata abinta.

“Bar shi yadda yake, Yaya.”

Na fita waje, don ni ma ƙaiƙayin ƙwallon nan ya shiga mini ido.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Kada ka saka farar shadda in za ka roƙi abu wurin tsohuwa. Kada ka raina taubashi ko da takalminsa na da tsini, amma ka zauna kusa da shi yadda hannunka zai kai rigarsa. Kuma in tsohuwa ta ce abu kaza take so daga wuri kaza, ka tambayi kanka wa ke zaune a wurin, don da na yi wannan tambayar da ban ɓata kwanaki ina yawo a layin masu kayan miya ba. Yanzu Iya na nan gidanmu, ta hana kowa taɓa tulunta, ta kori citta daga madafa. Jiya da safe na ji su suna faɗa a kan wadda ta fi wata iya dama kunu, muryar Inna har bakin titi, kwano kuma a gabanta wayam.